Yadda ake bin sawun kalma, da misalin foyil ɗin gashin kifi

Wata Asabar ƙanwata ta zo gidana da karfasa guda huɗu, ta aiki ɗana kanti ya sayo mata foyil. Da ya dawo ya miƙa mata, sai ya juyo gare ni ya ce, "Baba, wai mene ne sunansa da Hausa?" Na ce takardar ƙarfe. Ya ce ai ba takarda ba ce, tunda wuta ba ta cin ta. Na ce to, fallen sanholo. Gwaggon tasa ta tuntsire da dariya ta ce, "Yaya, in ya je kanti ya faɗi haka, wallahi da kallo za a bi shi." Shekara ashirin da biyu ina koyar da Hausa a sakandare, ga ɗan aji biyar na firamare ya sa ni kame-kame a tsakar gidana.

Abin ya tsaya mini a rai. Na samo wani tsohon littafin rajista mai sauran shafuka, na fara rubuta duk sunan da ake kiran wannan abu da shi a harsuna daban-daban, da inda kowane suna ya fito. Hanyar da na bi ita zan shimfiɗa a nan, domin ba foyil kaɗai take yi wa aiki ba. Duk kalmar da ta dame ka, ko leda ce ko asibiti, haka za ka bi ta.

Fara da bakin mutane

Kada ka fara da ƙamus. Ƙamus yana ba ka abin da aka riga aka tace, kai kuwa ɗanyen abu kake nema. Ka tambayi mutane, ka rubuta kalmar yadda ta fito daga bakinsu, ba yadda kake ganin ya kamata a rubuta ta ba. A gefenta ka sa wanda ya faɗa, garinsu, da kimanin shekarunsa.

Mai kantin layinmu ya ce mini "foyil pepa". Maƙwabcina mutumin Maraɗi, wanda ya yi bokonsa da Faransanci, ya ce su "papiye alu" suke cewa. Ƙanwata ta tuna cewa lokacin da ta je Umara ta yi ta cewa foyil a wani shago a Makka, mai shagon yana kallonta, har wata Batakariya ta ce masa "gasdir", nan take ya ɗauko. Wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya ya ce shi dai "takardar cikin kwalin taba" ya san ta, domin a nan ya fara ganinta yana yaro. Sunaye huɗu ke nan ban fita unguwarmu ba, kuma kowanne ya nuna mini wata ƙofa daban: ɗaya Ingila, ɗaya Faransa, ɗaya ƙasar Larabawa, na ƙarshen kuma bai ari komai ba, ya siffanta abin ne da wurin da ya same shi.

Sannan ka san tarihin abin kansa

Wannan mataki shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke hana ka yin shirme. In ka san shekarar da abu ya zo duniya, ka samu ma'auni. Duk sunan da ya girmi abin, ka san ba don shi aka raɗa ba, gado ya ci.

Ƙarfen da aka fara bugawa ya koma falle shi ne zinariya, domin ta fi kowane ƙarfe jure duka ba ta tsage ba. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna suna lulluɓe akwatunan gawa da gumaka da ita. Daga baya aka koma yin irin wannan falle da kuza, aka yi ta naɗe kaya da shi. Ko na'urar ɗaukar murya ta farko da Thomas Edison ya ƙera a 1877, a jikin fallen kuza take zana sautin. Alminiyam kuwa, wanda da shi ake yin foyil ɗin yau, tsada ce da shi ƙwarai, sai a 1886 da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa wurin, suka gano yadda ake fitar da shi da wutar lantarki cikin araha. Masana'antar farko da ta murza shi ya zama falle ta fara aiki a 1910 a Emmishofen ta ƙasar Suwizalan. A 1911 kamfanin Tobler na birnin Bern ya fara naɗe cakulan da shi, a 1912 kuma Maggi ya bi sahu da dunƙulensa. Wato 'yar takardar nan mai ƙyalli da matanmu ke ɓarewa su yar kullum in za su kaɗa miya, tana cikin ayyukan farko da aka fara yi da wannan abu.

Na girki kaurinsa kamar milimita 0.016 ne, sai ka jera falle sittin da 'yan kai kafin ka cika milimita ɗaya. Ƙanwata ta daɗe tana rantsuwa cewa dole ɓangaren mai sheƙi ya kalli kifi. Ba haka ba ne. A zagayen ƙarshe na murza, falle biyu ake haɗawa a tura tsakanin gangunan ƙarfe don kada ya yage, sai gefen da ya taɓa ganga ya yi sheƙi, gefen da ya kwanta a kan ɗan'uwansa ya dusashe. Na faɗa mata, ta ce ta ji, kuma har gobe mai sheƙin take juyawa ciki.

To riƙe 1910 a hannu. Za ka ga kusan duk sunayen da za mu bi sun girme ta nesa ba kusa ba.

Fasa kalmar, ka ga me masu ita suka gani

Yanzu ne lokacin ƙamus, kuma irin wanda ke faɗin asalin kalma da shekarar da aka fara ganinta a rubuce. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce: mutanen da suka fara kiran abin da wannan suna, da me ya yi musu kama?

Na fara da foyil ɗinmu. Daga Turanci muka karɓo, wannan ba gardama. Turawan Ingila kuma sun karɓo daga tsohon Faransanci, kalmar da a yau Faransawa ke rubutawa feuille, ma'anarta ganye. Ita kuma daga Latin take, folium, ganyen itace, jam'inta folia. Tun ƙarni na 14 Ingilishi ke amfani da ita da ma'anar siririn fallen ƙarfe. Ashe da ɗana ya sayo foyil, ganye ya sayo. Da ka kama wannan zaren, sai ka ga 'yan'uwa suna ta fitowa: Jamusawa na cewa Folie, su haɗa da alminiyam su ce Alufolie, mutanen Polan folia, Rashawa folga, wadda suka karɓo ta hannun mutanen Polan, Turkawa folyo, mutanen Fotugal folha, Italiyawa kuma suka raba ta biyu, foglia ganyen itace, foglio falle.

Na ɗauka abin na Turai ne kawai, sai na koma Larabci. Waraƙ ganye ne, kuma takarda ce, kuma in aka ce waraƙ na zinariya fallen zinariya ake nufi. Mai karatun Alƙur'ani ya san kalmar ta fuska biyu. A Suratul A'araf, aya ta 22, Annabi Adamu da Hauwa'u sun rufe jikinsu da waraƙil janna, ganyen Aljanna. A Suratul Kahfi, aya ta 19, samarin kogo sun aiki ɗayansu birni da wariƙ ɗinsu, wato kuɗin azurfa. Baƙaƙen nan uku, wawun da ra'un da ƙafun, su ne a wuraren biyu, wasali ne ya bambanta. A Habasha, harshen Amhara da yake dangin Larabci yana kiran zinariya warƙ, takarda kuma waraƙat.

Daga Larabci kalmar ta yi tafiya mai nisa. Farisawa suka manna mata zar, zinariya, suka ce zarvaraq ga takarda mai ƙyalli. Turkawa na kiran fallen zinariyar da ake ƙawata rubutu da gini da shi varak, kusa da folyo ɗin da suka aro daga Turai don kicin: harshe ɗaya, ganye biyu, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma. A Indiya da Pakistan varq shi ne siririn fallen azurfa da ake shimfiɗawa a kan alewa, a cinye har da shi. Mu ma ta zo mana. Malaman zaure suna kiran falle ɗaya na rubutaccen littafi warƙa. Da a ce zinariyar bugu ce ta fara zuwa mana ta hannun malamai, da ƙila warƙar ƙarfe ɗana zai je saye.

A nan sai ka yi hattara da abu ɗaya. Folium da waraƙ duk ganye ne, amma ba wanda ya ari na wani. Kowa ya kalli abu siriri mai kaɗawa in iska ta taɓa shi, ya tuna da ganye. Jamusawa ma da suke da Folie, in za su ambaci fallen zinariya sai su koma tasu kalmar ta gida su ce Blattgold, Blatt kuwa ganye ne. Ka ware shafi biyu a littafinka: ɗaya na aron kalma, ɗaya na haɗuwar tunani. In ka cakuɗa su za ka wayi gari kana cewa duk harsunan duniya daga garinku suka fito.

Ka koyi yadda sauti ke sauyawa

Sifaniyanci ya kusa ɓatar da ni. Su ganye hoja suke rubutawa, kuma na yi ta kallonta ban ga folia a ciki ba. Dabarar ita ce kada ka gwada kalma ɗaya, ka jero da yawa. Gari a Latin farina ne, a Sifaniyanci harina. Ƙarfe ferrum, ya koma hierro. Ɗa filius, ya koma hijo. Maƙwabtansu na Fotugal kuwa sun riƙe tsohon sautin: farinha, ferro, filho, folha. Da ka ga sauyi ɗaya ya maimaita kansa a kalmomi huɗu biyar, ka san doka ce ba dace ba.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Mu da muke da fura da hura, fuska da huska, fushi da hushi, gwargwadon ko Kano ka tashi ko Sakkwato. Japanawa ma da suka ari foil daga Turanci sai suka ce hoiru, suka haɗa da guntun alminiyam ya zama arumi hoiru. Fa ta koma ha, la ta koma ra, kamar yadda mu muka mai da table tebur, pencil fensir. Mutanen Koriya kuma hoil suke cewa. Wani abokina Basakkwace da na karanta wa wannan ya ce ashe su da Japanawa ne ke faɗin ta daidai.

Sauti yana iya nuna maka har ƙofar da kalma ta shigo. Humphry Davy, wani masanin kimiyya na Ingila, shi ne ya raɗa wa alminiyam suna a 1808, daga alumen ta Latin, wato alimun ɗin nan mai bauri da ake jefawa a ruwa laka ta kwanta. Amurkawa suka tsaya a kan aluminum, Ingila ta ɗauki aluminium. Namu alminiyam yana da wannan "iya" a ƙarshe, wato ta hannun Ingila ya zo.

Hanyar takarda, wadda ta dawo da ni gida

Ɗana ya ƙi yarda da takardar ƙarfe, amma rabin duniya abin da take cewa ke nan. Faransawa papier aluminium, su gajarta papier alu kamar yadda maƙwabcina ya faɗa. Sifaniyawa papel de aluminio. Waɗannan, da pepa ɗin mai kantinmu, duk daga sunan papyrus suke, wata ciyawar bakin kogin Nilu da mutanen Masar ke fere ta su yi abin rubutu. Don haka mai cewa foyil pepa ganye da ciyawa ya haɗa a baki ɗaya bai sani ba.

Amma akwai wata kalmar takarda ta biyu a Turai. Italiyawa na kiran foyil carta stagnola, Girkawa kuma aluminoharto. Carta da harto duk daga tsohuwar kalmar Girkanci khartes suke, fallen abin rubutu, wadda Latin ya mayar charta. Da na iso nan na ajiye biro, na sake duban kalmarmu. Ta-kar-da. Cire ta ɗin farko, me ya rage?

Wannan ba hasashena ba ne, masana harsuna sun daɗe da bin sawunsa. Mutanen Arewacin Afirka, dangin Buzaye, sun zauna ƙarƙashin mulkin Rumawa shekaru aru-aru, suka ɗauki charta suka sa mata ta a gaba, wanda a harsunansu alamar tamata ce. Buzaye na cewa takarde, suka ratso hamada da ita ta Agadas har ta iso mana, kamar yadda takobi da azurfa suka zo ta wannan hanyar. Larabawa sun karɓi kalmar ta tasu ƙofar suka ce ƙirɗas, daga nan Sawahili ya samu karatasi. Bayan ɗaruruwan shekaru Turawan mulki suka zo da card, jikar wannan charta ɗin, muka ce kati. Wato takarda da kati 'yan gida ɗaya ne, ɗaya ta zo a kan raƙumi, ɗaya a jirgin ruwa. Ka sa kartar 'yan caca ta zama ta uku.

Wannan ne ya koya mini cewa in kana bin kalmar waje, ka riƙa waiwayen naka harshen a kowane zango. Ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 yana da amfani a nan: duk kalmar da ka tarar a ciki, ka san ta riga wannan shekara shiga bakin Hausawa.

Sunan tsohon ƙarfe a jikin sabo

Nan ne shekarar 1910 ke biyan kuɗinta. Stagnola ɗin Italiyawa daga stagno ne, kuza. Jamusawa na da Stanniol. Duka biyun daga stannum ta Latin suke, wadda ɗaliban kimiyya suka sani da alamar Sn. Turawan Ingila da Amurka har yau da yawansu tinfoil suke cewa, fallen kuza, kalmar da ke rubuce tun ƙarni na 15. Sinawa na kiran na kicin xizhi, takardar kuza. Alhali babu ɗigon kuza a cikin abin da suke naɗe nama da shi yau. Alminiyam ya kori kuza domin ya fi laushi kuma ba ya bar wa abinci ɗanɗanon ƙarfe, amma ya gaji sunan kamar yadda sabon sarki ke gadon tambari.

Gasdir ɗin da aka ce wa ƙanwata a Makka shi ne ƙasdir a Larabcin littafi, mutanen Saudiyya ne ke mai da ƙa ɗin ga. Ma'anarsa kuza, kuma daga kassiteros ta Girkanci ya fito. Wannan kalma ta taɓa ni, domin ni haifaffen Bukur ne, kuma mahaifina ya yi wankin kuza a gidan haƙa kafin ya koma tireda. Baƙin yashin nan mai nauyi da suke tacewa a kwano, wanda Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Jos dominsa, a littattafan ma'adinai cassiterite ake kiransa. Daga kassiteros ɗin nan ne. Kalmar da ke kan kantar shago a Makka da sunan yashin da Baba ya wanke har hannunsa ya yi kanta, uwa ɗaya ta haife su.

Rumawa na farko ba su ma raba kuza da dalma sosai ba. Kuza farar dalma suke ce mata, plumbum album, stannum kuwa da farko sunan wani gauraye ne na azurfa da dalma, daga baya ya koma kan kuza. Kakanninmu ma haka suka yi: maƙeran Riruwai da ke narka kuza tun kafin zuwan Turawa, dalma ake kiran abin da suke fitarwa.

Wasu kuma ba kuza suka gani ba, azurfa suka gani. Mutanen Holan zilverpapier, Sifaniyawa papel de plata, Japanawa gingami, masu Ibrananci niyar kesef, duk takardar azurfa ke nan. Ido ne ya raɗa sunan, ba maƙeri ba. Kafin mu yi musu dariya mu tuna da leda. Daga leather ta fito, fata, kuma ba saniyar da aka feɗe don a yi ledar ruwan sanyi.

Akwai kuma inda sunan kamfani ya cinye na abin. A Sifaniya da yawa papel Albal suke cewa, a ƙasar Cek alobal, wanda aka harhaɗa daga farkon alminiyam da obal, abin naɗi. Mai cewa makilin ga kowane man goge baki, omo ga kowane garin wanki, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

In rubutun ba na baƙaƙe ba ne

Sinanci sai an canza dabara, domin a can alamar rubutun ake fasawa, ba sautin kaɗai ba. Kalmarsu ta fallen ƙarfe ana faɗinta bo, ana rubuta ta 箔. Rabin sama alamar gora ce, rabin ƙasa shi ke nuna yadda ake furtawa. Me ya haɗa gora da ƙarfe? Tun asali kalmar sunan labulen ciyawa ne ko na gora da ake ratayawa a ƙofa, wato asabari sak. Daga abu mai faɗi marar kauri aka miƙa ta kan bugaggen ƙarfe. Sai a sa sunan ƙarfen a gabanta: jinbo na zinariya, xibo na kuza, lübo na alminiyam. A birnin Shaoxing bugun xibo babbar sana'a ce ta gado, ana manna shi a takarda a yi kuɗin bogi da suke ƙonawa don mamatansu.

Japanawa sun ɗauki alamar suna karanta ta haku, na zinariya kinpaku. Kusan duk wanda ake yi a ƙasar daga birnin Kanazawa yake fitowa, inda ake sa zinariya tsakanin takardu na musamman a yi ta bugu har kaurinta ya koma kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita. In mutum ya samu wata daraja, misali ya je waje ya yi karatu ya dawo, sukan ce haku ya manne masa. Mutanen Koriya kuwa sun tara hanyoyi uku a kalma ɗaya: eunbakji, eun azurfa, bak wannan alamar ta asabari, ji takarda. In ka gamu da doguwar kalma irin wannan, nemi mai harshen ya yanka maka ita gaɓa-gaɓa kafin ka taɓa ƙamus.

Ramukan da na faɗa, da wanda na tsallake

Da farko na rubuta waraka a ƙarƙashin waraƙ, ina murna wai ganye da magani ai abu ɗaya ne. Kwana biyu na goge. Waraka tana da danginta a gida, warke da warkar da warkewa, ba ta buƙatar Balarabe ya kawo ta. Warƙa mai ƙugiya ita ce baƙuwar. In kalma tana da 'ya'ya da jikoki a cikin harshe, ka fara neman asalinta a nan kafin ka haura katanga.

A ɗakin malamai wani abokin aikina ya dage cewa falle daga folium take, tunda sauti ya yi kusa ma'ana kuma ta zo ɗaya. Na yi masa tambayoyi ukun da nake yi wa kowace kalma yanzu. Wa ya ɗauko ta? Yaushe? Ina siffarta ta tsakiya, a bakin waɗanda suka miƙo ta? Takarda ta amsa duka ukun, ga Buzaye ga takarde. Shi kuwa bai kawo komai ba sai kamar sauti, kama da wane kuma ba ta wane. Ban sa ta a littafin ba, har yau yana jin haushina.

Rami na uku yana cikin Turancin kansa. In ka ji a labarai an ce 'yan sanda sun yi foil ɗin wani yunƙuri, wato sun daƙile shi, wannan wata kalma ce daban da ta zo ta yi rubutu iri ɗaya. Daga fouler ta Faransanci take, tattakewa, aikin masu wankin ulu da ke taka shi da ƙafa. Amma in malamin adabi ya kira wani ɗan wasa foil na jarumi, wanda aka ajiye kusa da shi don halinsa ya ƙara fitowa, wannan ta ganye ce. Maƙeran kayan ado sukan shimfiɗa fallen ƙarfe a ƙarƙashin dutse mai daraja don ya ƙara walƙiya, daga nan aka ɗauko ma'anar. Ƙamus mai kyau zai raba su da lamba ɗaya da biyu. Ka karanta duka kafin ka kwafa.

Yadda za ka rubuta abin da ka samu

Kowace kalma layi ɗaya, daga yau zuwa baya, kana sa harshe da ma'ana a kowane zango. Nawa na farko haka yake: foyil, Hausa, foil, Turanci, fallen ƙarfe, ƙarni na 14, feuille, Faransanci, ganye, folium, Latin, ganye. Inda hujja ta ƙare, ka ja layi ka tsaya, kada ka ƙara zango da ka. Ka yi da fensir, domin za ka yi gogewa.

Daga nan ka kai wa mai harshen ya duba. Na kai wa maƙwabcina shafin Faransanci, ya karanta, ya ce rubutun daidai ne amma yadda nake furta feuille ko a Maraɗi ba wanda zai gane. Ya sa na maimaita sau biyar a ƙofar gida, yara suna dariya. Ɗana yana cikinsu. Da muka shiga gida na nuna masa layin takarda, daga Girka zuwa Rum zuwa Agadas zuwa jakar makarantarsa. Ya karanta a hankali da yatsa, sannan ya ɗauki fensirin ya buɗe sabon shafi, ya rubuta gwangwani a sama, ya ce gobe zai fara da mai shayin bakin titi.